Wa Ke Amsa Sallamar Na'urorin Zariya?

Sufeto Maman Lawali ya sha ganin sata a Maraɗi, daga ta akuya har ta tirela da kayanta, amma ranar nan aka kawo masa wadda bai san ta inda zai kama ta ba. Wai an kwashe cikin kwamfutoci, an bar kwanson.

Mai ƙarar Alhaji Zakariya'u ne, shugaban wata ƙungiyar manoman rani mai biro, wato ofishi, a unguwar Zariya, inda mutanen ƙauyen Jiratawa ke zuwa yankar katin ruwa da na taki. Ya shigo kwamisariya, ofishin 'yan sanda, yana huci. A bayansa akwai Chaibu, mai kula da kayan biron, rungume da wani ɗan baƙin akwati da bai fi faranti girma ba.

"Buɗe ma Sufeto shi gani da idonai," in ji Alhaji.

Chaibu ya ɗaga murfin. Ciki ɗan koren allo ne kawai, sai fili.

"Ranka shi daɗe, ina faifan ajiya? Babu! Duk na biron haka suke, wayam. Tun makon jiya ba su tashi, sai baƙin allo da rubutun Nasara. Na rantse gaban Alhaji, na rantse gaban dattawan Jiratawa, wadda ta kahwa su ita ta kwashe."

Wadda ta kafa su Nafisa ce, 'yar Tsibiri, wadda ta yi karatun na'ura a Yamai ta dawo gida. Kwana biyu ke nan da aka kamo ta, tana ɗakin baya, kuma washegari za a miƙa ta ga mai gabatar da ƙara, daga can sai gidan kaso. Labari kuwa, da yake ba ya jiran mota, ya riga ya isa Tsibiri. An ce mahaifiyarta ta daina leƙa ko ƙofar gida saboda kunya.

Sufeto ya same ta zaune a benci, idanu sun yi ja amma babu hawaye.

"Ina kika kai faya-fayan?"

"Ba a saci komi ba, Sufeto. Haka anka ƙera su."

"Kwamfuta ba ciki? Malama, ni ba yaro ba ne."

"Ba su da buƙata. Akwai babba guda cikin ɗan ɗaki mai sanyi, ita ce uwassu, ita ke riƙe da komi. Waɗannan ƙanana, in an kunna su da sahe, ko sunansu ba su sani ba. Sai kowacce ta yi sallama cikin waya: ga ni, wa ke nan? Uwar ta amsa, ta ba ta lamba, ta nuna mata inda za ta ɗauko hankalinta. Sannan ta tashi ta kama aiki. In an kashe ta, ta manta komi, gobe ta sake sallama."

Sufeto ya aje alƙalami a kan takarda. Bai rubuta ko harafi ba.

"To, mi ya hana su tashi?"

"Ina Jiratawa ina kahwa na reshenmu abin ya hwara. Da na dawo ba a bar ni na taɓa ko guda ba, sai ga 'yan sanda. Amma ina zaton sun samu amsa, kuma ba ta uwassu ba ce. Ka san baƙo, wanda ya riga amsa mishi sallama shi yake bi. Wani ke riga uwar amsawa, shi ba su lamba, amma bai san inda hankalinsu yake ba. Sai su tsaya nan suna jira."

Zancen ya shige shi, amma ya sha jin ɓarayi masu daɗin baki. Ya ɗauki makullin mota, zai je Jiratawa ya gani da idonsa.

Hanyar Jiratawa ba ta da nisa. Daga ka bar gari sai ido ya huta: albasa da tattasai da zogale kore shar, ruwa na bin magudanai zuwa fadamu. Ɗan reshen ƙungiyar ɗaki ɗaya ne, da irin baƙaƙen akwatunan nan a kan tebur, manoma sun yi layi ana buga musu kati.

Sufeto ya sa aka kashe guda, ya kwance murfinta da kansa. Ɗan koren allo, sai fili. Daidai da wadda Chaibu ya kawo, alhali yanzu-yanzu yana kallo ta buga wa mutum kati.

Ya mayar da murfin, ya danna maɓalli, ya ja kujera. Allo ya yi baƙi. Wani ɗan farin rubutu ya fito yana ƙyaftawa, kamar mai jira a zaure. Can sai lamba ta bayyana, rubutu ya zubo, kafin ya ƙifta ido ga sunayen manoman Jiratawa da gonakinsu reras. Tsigar jikinsa ta tashi. Abin da ya gani da idonsa babu komai a ciki, ga shi ya roƙa an ba shi, ya tashi ya san kowa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ubangiji Ya ba ɗan Adam basira."

Wani dattijo a layi, Malam Maliki, ya yi dariya yana gyara rawani.

"Wanga ne ya ba ka mamaki, ɗana? Ai na Maraɗi sun hi su. Su sai wutar kuran ta ɗauke suke aiki."

Sufeto ya juyo gaba ɗaya. "Yaya ka ce, Baba?"

"Na je yankar kati, mun wuni sun ƙi tashi. Da azahar kuran na gari ya tahi, anka tada gurup, injin wuta na biro, sai ga su garau! Anka buga mini nawa. Kuran na dawowa sunka koma suma. Mu dai mun ce aljannun ciki ne ba su son hasken gwamnati."

"Wa ke nan sanda abin ya hwaru?"

"Alhaji ya tahi masallaci. Chaibu ne, kuma shi ya ce kada mu yaɗa, wai numhwashin ƙarshe ne irin na mai mutuwa."

Sufeto ya yi masa godiya har da risinawa. Chaibu bai ambaci wannan a kwamisariya ba.

Da la'asar ya isa biron Zariya tare da Nafisa, da ɗan sanda ɗaya a bayanta. Manoma na zazzaune a inuwar bishiyar bedi suna jiran abin da ba su san ranar zuwansa ba. Alhaji ya haɗe rai da ganin ta.

"Chaibu," in ji Sufeto, "an ce suna tashi in an tada gurup."

"Zancen tsohwahhi ne, ranka shi daɗe. A gwada mana."

Aka sauke kuran na biron daga kwantarsa, wato mitar wuta, aka tada gurup, aka kunna na'urori. Baƙin allo, ɗan rubutu, shiru. Ko ɗaya ba ta tashi ba.

"Ka gani?" Chaibu ya buɗe hannuwa yana murmushi. "Fanko ne, ba kuran ba gurup."

Sufeto ma ya yi murmushi, irin wanda mutanen kwamisariya suka san ba na alheri ba ne.

"Na gode, ka taimake ni. Ashe ba gurup ke warkar da su ba. Ranar da Malam Maliki ya zo, unguwa duka ce ba kuran. Yau biron nan kaɗai munka kashe. Ke nan mai riga uwassu amsawa yana shan kuran na gari, kuma ba ta kwantar nan ba. Yana waje da katangar ga." Ya dubi Nafisa. "Malama, nuna mini inda wayoyinki ke haɗuwa."

Ta kai shi ɗan ɗakin mai sanyi. Ga uwar na'urorin tana gurnani a hankali, ga wani dogon akwati da wayoyi suka taru a bakinsa, fitilu na walƙiya a jere. Nafisa ta bi su da yatsa, ba ta taɓa ba.

"Nawa duk shuɗɗa ne. Wagga hwarar ba tawa ba ce."

Farar wayar ta sulale bayan kabad, ta bi ƙarƙashin buhunan taki a sito, ta fita ta ramin da aka huda wa na'urar sanyaya ɗaki. A waje an shafe ta da fentin bango har ta haura katanga. Mai aikin ya yi ƙoƙari, sai dai ya manta fenti sabo ba ya kama da tsoho.

Suka zagaya ta lungu. Wayar ta shiga tagar wani ɗaki mai jan ƙyaure da kwaɗo a jiki.

"Na wane ne?"

"Wallahi ban sani ba," in ji Chaibu. "Wasu 'yan haya ne."

"Ara mini makullanka na sito."

Chaibu ya miƙa. Sufeto ya bi su ɗaya-ɗaya ba gaggawa. Wani ɗan ƙarami a ƙarshen zoben ya shiga, kwaɗo ya buɗe.

Ɗakin fada ne, inda samari ke hira: tabarmi, butocin shayi, babbar talabijin, bango cike da hotunan 'yan kokowa. A kan taga ga ɗan akwatin wifi mai ƙaho biyu, fitilarsa na ƙyafta ido, farar wayar a bayansa.

Nafisa ta durƙusa ta duba, ta kama baki.

"Ramuka huɗu rawaya, guda shuɗi. Da cikin shuɗin ya sa ta, da ya sha rezo ɗinmu na intanet shekara ba wanda ya sani. Ya sa ta cikin rawaya, sai abin ya ɗauka shi ne maigida, duk wanda ya yi sallama shi ke amsawa."

Sufeto ya tsura wa akwatin ido. Abin da bai kai tafin hannu biyu ba, daga bayan katanga, ya tsayar da biro guda, ya hana gonaki ruwa, ya kusa kai mutum kaso, duk da amsa sallamar da ba tasa ba. Ya girgiza kai.

"Chaibu, zauna."

Chaibu ya zube a tabarma.

"Kokowa ce, ranka shi daɗe. Lokacin gasar takobi abokaina sunka matsa mini suna son kallo, ga rezo na kwana banza a biro. Na sawo akwatin a kasuwa, na ga rami na cusa. Da na'urori sunka ƙi tashi na buɗe guda, na ga ba komi, na rantse da Allah a lokacin na ɗauka sata ce."

"A lokacin. Daga baya hwa?"

Chaibu ya dubi ƙofa. Alhaji Zakariya'u na tsaye a bakin ƙofa, manoma sun cika lungun.

"Ranar da kuran ya ɗauke na yi zargi. Washegari na zo na zare shi daga bango, na leƙa biro, na iske sun tashi." Ya kau da ido. "Sai na dawo na maida shi."

"Ka maida. Kana sane tana hannunmu."

"Na riga na rantse gaban dattawa, Sufeto. In sun tashi, ni ne maƙaryaci. Da wane ido zan dubi mutanen Jiratawa?"

"Da wanda uwatta ke duban mutanen Tsibiri," in ji Sufeto. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma bai ɓoye ba. "Satar rezo ƙaramin abu ne. Ƙazahin da ka bari ya kwana a kanta kana sane, shi za ka amsa gaban alƙali."

Ɗan sandan ya cire ankwa daga ƙugu. Aka fito da Chaibu ta tsakiyar dattawan da ya ji kunyarsu, kansa a ƙasa, har aka sa shi a mota.

Sufeto da kansa ya zare farar wayar. Suka koma biro, aka mayar da kuran, Nafisa ta bi tebur-tebur tana dannawa. Manoma suka yi cirko-cirko a tagogi. Ɗan farin rubutu ya ƙyafta a allon farko, lamba ta fito, ya haskaka. Na biyu ya bi, na uku ya bi, har ɗakin ya cika da haske. Wani tsoho ya yi kabbara, sauran suka amsa. Sufeto, da ya riga ya gani a Jiratawa, sai da tsigar jikinsa ta sake tashi.

Alhaji ya matso kusa da Nafisa. "Ɗiyata, ki yahe mini."

"Allah Shi yahe mana, Alhaji. Amma ba nan anka ɓata ni ba."

Sufeto ya ji, ya kuma gane. Takardar saki tana wanke mutum a kwamisariya, amma a Tsibiri babu mai karanta ta.

Bai bar ta ta hau kabu-kabu ba. Ya sa ta a gaban motar 'yan sanda, ya sa Alhaji a baya, suka kama hanya rana na sunkuyawa kan gonakin hatsi. Da gangan ya tsaya a bakin kasuwar Tsibiri, suka taka da ƙafa, jama'a na biye da su ana raɗa.

Ƙofar gidan a rufe take. Sufeto Maman Lawali ya cire hula, ya tsaya a zaure, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Salamu alaikum! Mun kawo Nafisa. Ba ta ɗauki ko allura ba, mu ne munka yi kuskure!"

Maƙwabta suka yi caa za su amsa. Ya ɗaga musu hannu, suka yi tsit. Ya ci gaba da tsayuwa yana jira.

Can daga cikin gida wata murya ta tsohuwa ta ce, "Wa alaikumus salam. Ku shigo."