Bijimin Anacleto

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da aka ɓoye masa.

Bayan haka, wani tsohon mai gadi da ake kira Don Eleuterio shi kaɗai ya rage cikin mutanen da suka raya filin baje kolin shanu na San Ubaldo. An sayar da filin, washegari za a rushe rumfunansa. Don haka da faɗuwar rana ya ajiye ƙoƙon shayinsa na ganyen mate, ya tafi ciro allon da ake rubuta sunan bijimin da ya yi nasara kowace shekara, tun zamanin kakansa.

Layin ƙarshe na allon babu suna. A shekarar, annoba ta ɓulla ana tsakiyar gasa. Aka harbe shanun, aka binne su a nan, alƙali bai yanke hukunci ba. Amininsa Anacleto, wanda ya kawo bijimi mai tabo a ƙugu, bai ƙara shekara a duniya ba.

Ya ciro allon. Saboda nauyinsa sai ya yanke hanya ta tsakiyar fage, ya tsaya hutawa daidai inda ba mai tsayawa sai alƙali.

Sai warin ɗanyen kashin shanu ya buge shi.

Ga ƙarar kofato a kan yashi. Ɗaya. Goma. Suna kewaya shi a hankali, ba ya ganin kome.

Ya yi dama, huci mai ɗumi ya tare shi. Ya yi hagu, ƙaho ya shafi rigarsa. Da'irar tana matsewa.

Wata murya ta yi raɗa a kunnensa: "Haba tsoho, har yanzu nawarka na nan? Ƙafafunmu sun gaji."

"Anacleto? Ni fa mai gadi ne, ba alƙali ba."

"Wa ya ce ka tsaya a nan? Zaɓa, aboki. Ko kuwa ka shigo layi."

Haƙarƙarinsa ya fara ƙara. Numfashi ya ƙi.

Ya tuna al'ada: alƙali ba ya magana, ƙugun bijimin da ya ci yake bugawa da tafin hannu.

Ya rufe ido. Ya kai hannu cikin iska.

Fata. Ɗumi. Tabo.

Ya buga. Ƙarar kofato ta ɗauke. Ya ja allonsa da rarrafe har bakin ƙofa.

Da safe ya rubuta sunan bijimin Anacleto a layin ƙarshe, da hannun da warin shanu bai sake barinsa ba. Masu rusau ba su ji motsin kome ba. Shi kuwa kullum da yamma yakan tsaya bakin shingen filin, ya kasa kunne ko za a sake ce masa tsoho. Ba a sake ba.

Allah Ya tsare mai rubutu da mai karatu daga sharrin abin da Ya halitta, Ya sa mu cika muna da masu tunawa da mu. Amin.