Ranar da Aka Toshe Hancin Teku

Murfi na bakwai ya sauka a hankali, ƙafafunsa shida na ƙarfe suna laluben ƙasan teku, har ya zauna daram a kan rami na ƙarshe. Kumfar da ta yi shekaru dubbai tana ɓulɓulowa daga wurin ta ragu, ta koma ɗaya-ɗaya, sannan ta ɗauke. A ɗakin sa ido na Tudun Gishiri, birnin da aka gina a kan ruwa, ma'aikata suka kaure da tafi. Dakta Kulu Tunau, wadda ta ƙera na'urar, ba ta yi tafi ba. Idonta na kan lambar da ke nuna tsamin ruwa, tana jira ta ga ta fara sauka.

Ramukan nan ba mutum ne ya haƙa su ba. Tun fil azal iskar kabon ke fitowa daga cikinsu, ta narke a ruwa ta mai da shi tsami. Shekara goma sha ɗaya Kulu ta yi tana nazarinsu, domin duk mai son ganin yadda teku zai zama nan da shekara hamsin, bakin ramukan zai je: murjani ya yi fari fat, ƙwanson dodon koɗi ya yi laushi kamar ɓawon ƙwai. A da teku na shanye wannan ba tare da ya nuna ba. Amma hayaƙin da mutanen farko suka yi ta turawa sama, teku ne ya sha har ya ƙoshi, yanzu ɗan ƙarin da ke fitowa daga ramukan ya isa ya halaka gonakin kawa, wato dabbar ruwan nan mai ƙwanso da ake ci, da ke gabas da birnin.

Ɗaya daga cikin gonakin ta mahaifinta ce, Malam Tunau, Basarke masunci ɗan Yawuri, wanda ya biyo ruwa zuwa nan bayan kogi ya janye musu. A kwanduna yake kiwon kawarsa, rataye da igiya a cikin ruwa. Wata rana ya kawo wa Kulu guda ɗaya har ofis, ya murtsuke ta da yatsa biyu a gabanta, ya karkaɗe hannu ya fita. Abin ya tsaya mata a rai. A ranar ta daina kallon ramukan kawai, ta fara zanen Murfi.

Sai dai da ta kai masa albishir, tsohon bai yi murnar da ta zata ba.

"Ke Kulu, ramun nan hancin ruwa ne," ya ce da ita yana gyaran igiya. "In kinka toshe mishi hanci, ta ina za shi numfasa?"

"Baba, mun auna dutsen da ke ƙasa. Zai riƙe iskar shekara ɗari biyu."

"Kun auna dutse. To, kun tambayi iskar ko ta yarda ta zamna?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Mai ilimi dai ba ya rasa amsa, ita kuwa a ranar amsoshi cike da bakinta. Don ta kwantar masa da hankali ta ɗaura wa jirginsa ma'aunin iska da hannunta, a jikin sandar da ke riƙe da farantin hasken rana. Ta tsayar da tsohon kusa da sandar, ta daidaita na'urar da hancinsa, kamar yadda ƙa'idar aiki ta ce a sa ta daidai inda ma'aikaci ke shaƙar iska.

"In kabon ya yi yawa za ta yi ƙara, fitilarta ta koma ja. Kuna ji, ku tayar da inji ku bar wurin."

"To, ɗiyata ta yi min mai gadi," ya ce.

Wata huɗu komai na tafiya daidai. Tsami ya sauka, ƙananan kawa suka fara yin ƙwari. Malam Tunau ya shiga yi wa abokansa alfahari da 'yarsa a bakin tasha, har suka gaji da ji.

Ranar wata Talata da la'asar teku ya kwanta luf, ko ganye ba zai motsa ba don rashin iska. Malam Tunau na gonarsa tare da ƙanensa, Baffa Arzika. Al'adarsu ce tun suna su a kogi, ba sa sallah tare a kan ruwa: ɗaya ya yi, ɗaya ya tsaya riƙe da jirgi. Babba ne ke farawa. Malam Tunau ya shimfiɗa buzunsa a cikin jirgin, wuri mai zurfi tsakanin kwanduna, ya tayar da kabbara. Arzika na tsaye a goshin jirgi da igiya a hannu.

Iskar da aka danne wata huɗu ta samo tsaga a ƙarƙashin gonar. Ba ta zo da ƙara ba, 'yar kumfa ce kawai ta kewaye jirgin kamar tukunya na shirin tafasa. Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar shaƙa nauyi. Ba ta tashi sama. Ƙasa take bi, ta malala ta cika duk wani kwari, kamar ruwa a ƙwarya. Ta ƙetare gefen jirgin ta kwanta a cikinsa, tsayinta bai kai gwiwa ba.

Malam Tunau ya yi sujada.

"Na ga ya daɗe," in ji Baffa Arzika daga baya, yana ba Kulu labari, hawaye na bin gemunsa. "Na ce addu'a yaka yi miki, don kullum a sujada yaka ambatonki. Wa ka katse wa mutum sujada, Kulu? Ina tsaye ina kallo nai. Ina tsaye!"

A wurin zaman makoki mata suka yi ta riƙe hannunta. "Ki gode wa Allah, a sujada ya cika. Wannan ƙarshe kowa shi yake roƙo." Ta san gaskiya suke faɗa, ta kuma yi ta amsawa da amin. Amma zuciyarta ta ƙi sanyi, domin ita kaɗai a ɗakin ta san abin da ya tarar da shi a can ƙasa, da wanda ya turo shi.

Bayan addu'ar uku ta je tasha. Jirgin na ɗaure, buzun na nan inda yake. Ma'aunin na jikin sandarsa, fitilarsa kore shar, bai taɓa yin ko tari ba. Lafiyarsa lau. Abin da aka sa shi ya yi, shi ya yi. Kulu ta durƙusa ta ɗora goshinta inda nasa ya kwanta, ta juyo da kai ta hango na'urar can sama. Shekara arba'in tana ganin mutumin nan yana kai goshinsa ƙasa sau biyar a yini, amma da ta tashi auna numfashinsa, a tsaye ta auna shi. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko a gaban gawarsa.

Wayar da ke ɗaure a hannunta ta yi motsi. Saƙo ne daga majalisar birni, suna yi mata ta'aziyya, suna kuma tambaya yaushe za a iya fara ƙera Murfi na takwas, a toshe sabon ramin.

Ta kawar da kai daga wayar. A kwandon da ke kusa da buzun akwai kawar da mahaifinta ya ciro ranar da ya rasu. Ta ɗauki ɗaya ta matsa da yatsa biyu, yadda ya yi a ofishinta. Ta ƙara matsawa da duk ƙarfinta har gefen ƙwanson ya yanke ta, jini ya fito. Kawar ko tsagewa ba ta yi ba.