Ƙararrawar Afiniki da Tayar Baba

A wani ƙauye kusa da Kwoi akwai wata yarinya 'yar aji biyar, sunanta Afiniki. Ita ce mai buga ƙararrawa a makarantarsu. In ka ga yadda take tafiya da sandar bugawa, sai ka rantse ita ce hedimasta.

Sai dai ƙararrawar tasu abin kunya ce. Tsohuwar garma ce aka rataye a bishiyar mangwaro, kuma tun bara ta tsage. In Afiniki ta buga, sai a ji "kaf, kaf," kamar tarin akuya. Yara su yi ta dariya. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai.

Babanta, Baba Obadiah, yana da tsohuwar akori-kura da yake kai citta Kafanchan da ita. A wannan daminar ya yi wa makaranta alkawari. Ranar Asabar zai kai mawaƙan makaranta gasar waƙa a Zonkwa. Afiniki ce ma mai ba da waƙa, sauran su amsa. Kullum tana reran waƙar, har kajin gidan sun gaji da ji.

To, hanyar fita daga ƙauyen ta cika da laka. Ƙananan tayoyin motar ba su iya ƙetare ta. Don haka Baba ya samo manyan tayoyi masu faɗi guda huɗu, kowace da ƙarfenta, ya jingine su a bango.

Wata safiya Afiniki ta shiga ɗakin ajiya neman igiya. A bayan ƙofa ta ga wasu faifayen ƙarfe guda huɗu. Kowanne yana da babban rami a tsakiya, da ƙananan ramuka a kewaye. Ta ɗaga ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi da cokali.

"Tiiin!"

Kai, zaƙin murya! Afiniki ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta ce a ranta, "Ai tarkace ne. Kuma har guda huɗu. In na ɗauki ɗaya, wa zai kula?" Ta cusa shi cikin jaka, ta nufi makaranta tana rangaji don nauyi.

Malama Hellen, mai koya musu waƙa, ta juya ƙarfen a hannunta. Ta ce, "Wannan kamar sabo ne. Babanki ya san kin ɗauko?"

Afiniki ta ce, "E, Malama. Ya ce ba ya so."

Ƙarya ta fito da sauri, tun kafin ta yi tunani.

Aka rataye ƙarfen a mangwaro. Afiniki ta samu wata ƙatuwar ƙusa, ta yi ta zabga masa. A ranar ba wanda ya yi dariya. Har manoma a gona suka ɗaga kai.

Da yamma ana cin tuwo, Baba ya ce, "Yau na ji sabon ƙararrawanku tun daga gonan citta. Daɗi kamar na majami'a! Duk wanda ya ba ku shi, Ubangiji ya sa masa albarka."

Afiniki ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Amin, Baba," a hankali.

Ranar Jumma'a da la'asar Gregory makanike ya zo sa tayoyi. Afiniki ta tsuguna tana kallo. Ya ɗaga motar da jak, ya cire ƙaramar taya. Sai ta ga ya ɗauko irin faifan nan, ya zura shi a kan kusoshin ƙafar motar.

Ta ce, "Kawu Gregory, wannan na mene ne?"

Ya ce, "Sifesa ne, 'yata. Kin ga sabon tayan nan ya fi tsohon faɗi. In na sa shi haka kawai, zai riƙa gogan sifirin na mota har ya fashe. Wannan ƙarfe shi zai turo tayan waje kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Shi ya sa ma na sa dogayen kusoshi, don noti ya kama da kyau."

Aka sa taya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Gregory ya miƙa hannu don ɗaukar faifai na huɗu. Babu.

Aka birkice ɗakin ajiya. Mama ta duba har cikin rumbu. Babu.

Afiniki ta ce da 'yar ƙaramar murya, "To a mayar da tsohuwar taya a ƙafa ɗaya mana."

Gregory ya girgiza kai. "Ke, in kin sa takalmin babanki a ƙafa ɗaya, naki a ɗaya, za ki iya gudu? Tayoyi dole su zama girma ɗaya. Ba zan ɗora 'ya'yan mutane a mota mai ɗingishi ba."

"A mayar da ƙananan duka fa?"

"Sai ku kwana a laka kuna waƙa wa kwaɗi. Kuma mai yanka ƙarfen nan yana Kafanchan, sai mako mai zuwa zai buɗe."

Baba ya dubi Gregory. Ya ce, "Ka tabbata faifai huɗu ka kawo mini ranan? Ko dai uku ne?"

Fuskar Gregory ta canja. Ya ce, "Haba, Baba! Ni zan cuce ka?"

Baba ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki hularsa. "Bari in je in gaya wa Malama. Tafiyan gobe babu."

Afiniki ta tuna ƙawayenta da suka riga suka wanke fararen riguna. Ta dubi Kawu Gregory, wanda ake zargi a banza. Kunya ta rufe ta. Sai hawaye.

"Baba, tsaya! Ni ce. Ni na ɗauka. Ƙararrawar da ka sa wa albarka, ita ce sifesanka."

Baba ya fara juyawa wajen Gregory, ya ce, "Ka gafarce ni, ɗan'uwa." Sannan ya dubi 'yarsa. "Da ƙafanki kika kai, da ƙafanki za ki ɗauko. Kuma da bakinki za ki gaya wa Malama gaskiya."

Wannan tafiya ta yi wa Afiniki tsawo. Malama Hellen ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce, "Ɗaukar ba ta ɓata mini rai kamar ƙaryar ba. Amma na ji daɗi da kika faɗa da kanki. Je ki kwance shi."

Ashe da sauran aiki. Gregory ya shafa faifan da yatsa, ya tsuke baki. Duk inda ƙusa ta sauka, ƙarfen ya yi tudu.

Ya ce, "In bai kwanta sumul ba, taya zai riƙa rawa, noti su kwance a hanya. Ga magagari. Wanda ya buga, shi zai goge."

Afiniki ta zauna a gindin turmi ta yi ta guga. Ta kai, ya ce da saura. Ta sake kaiwa, ya ce da saura. Sai da tafinta ya yi bororo, sannan ya gyaɗa kai.

Da sassafe aka sa taya ta huɗu. Yara suka cika bayan mota. Bayan an ɗan yi tafiya, Gregory ya sa aka tsaya, ya sake ɗaure kowane noti da sifana. Da suka iso lakar nan, motar ta yi gurnani, ta watsa taɓo, ta fice abinta. Yara suka ɓarke da ihu.

A Zonkwa sun zo na biyu. Afiniki ta ba da waƙa da dukan zuciyarta, amma saboda bororon hannunta, tafi kam sai dai wasu suka yi mata.

Ranar Litinin aka mayar da tsohuwar garma. Afiniki ta ɗaga ƙusa ba kuzari. Sai ta ji ƙarar mota a bakin makaranta. Baba ne. Ya sauko yana gangaro da ƙarfen ɗaya daga cikin tsofaffin tayoyin, an cire masa roba, an wanke shi tas.

Shi da hedimasta suka rataye shi a mangwaro. Afiniki ta buga sau ɗaya.

"Gaaam!"

Har ƙauyen da ke ƙetaren rafi aka ji.

Baba ya dafa kanta, ya ce, "Kin ga wannan? Tun ranan da na samo sababbin tayoyi na san ba ni da aiki da shi. Da kin tambaye ni, da tun farko shi zan ba ki."

Afiniki ta dubi tafinta, ta yi dariya, ga kuma ƙwalla a ido.

Tun daga ranar, ko allura ta gani a ƙasa sai ta tambayi mai ita. Yara, abin da kuka ɗauka tarkace ne, wataƙila wani babban aiki yake jira. Ku tambaya kafin ku ɗauka, in kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri.