Tsohon Cikin Gem

"Cire zoben nan ki ajiye mini a kan tebur."

Umma ba ta ɗaga murya ba. Da ma ihu ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Na waiwaya na dubi ɗanta, mutumin da saura ƙiris ya zama mijina. Yana tsaye jikin taga, ya juya mana baya.

"Maƙeri..." na kira shi a hankali.

Sunan da nake tsokanarsa da shi ke nan, domin ƙera gem, wato wasannin kwamfuta, ita ce sana'arsa. Shi kuma Alƙaliya yake ce mini, saboda aikina a wata mujallar intanet shi ne in buga gem, in rubuta sharhi, in ba shi maki.

Ko motsi bai yi ba.

"Ni karatuna bai yi nisa ba, amma an karanta mini," in ji Umma. "Uban yaron nan kuka kira kaya mai nauyi, a shafin da ke ce shugabarsa."

"Wallahi Umma ba ni na rubuta ba."

"Ke kika hana?"

 Na zare zoben na ajiye kusa da tabaranta.

Tun rasuwar Abbansa Maƙeri yake haɗa gem ɗin nan shi kaɗai. Babu harbi a ciki, babu tsere. Saurayi ne kawai yake raka tsohon mahaifinsa daga gida zuwa asibiti. Ni ban taɓa buga shi ba, kullum sai ya ce, "Bari in gama tukuna, Alƙaliya, ina tsoron bakinki."

A aikinmu kuwa akwai ƙa'ida. Ba ka sharhin gem ɗin wani naka. Ba ka rubutawa, ba ka gyarawa, ko karantawa ba ka yi kafin a wallafa. Don haka da gem ɗin ya iso ofis, da ƙafata na je wurin Edita na ce a cire hannuna. Har wani daɗi nake ji, wai ni ga mai gaskiya.

Edita ya miƙa wa 'Yar Sauri, wadda teburinta ke kallon nawa, idonta kuma ya daɗe a kan kujerata ta shugabar shafin gem.

"Kwantar da hankalinki, ƙawata," ta ce tana wani yaƙe. "Amanar angonki tana hannuna."

Maki uku ta ba shi cikin goma. Ta rubuta cewa tsohon cikin gem ɗin kaya ne kawai mai nauyi, da ka yi gaba sai ya ɓace, alamar an fitar da gem ba a gama gyara shi ba.

Ina sauka daga benen su Umma na ji takunsa a bayana.

"Ki rubuta naki," ya ce. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ki gaya wa duniya ƙarya ta yi."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Idan na yabe ka, wa zai yarda? Cewa za a yi budurwarsa ce. Da hannuna zan ƙarasa kashe maka shi."



"Aikinki ya fi ni ke nan."

"Masoyina, ka san ba haka..."

Ya juya ya haura. Na tsaya a kan matattakalar ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ga son nasa kuma ko gezau.

Ƙa'ida ta hana ni rubutu, amma ba ta hana ni bugawa ba. Ranar hutu da safe na rufe ɗakina na kunna gem ɗin.

Halinmu na 'yan sharhi, kullum edita na kan wuyanmu, sai na danna maɓallin gudu. Kafin in waiga tsohon ya zauna a bakin titi, allo ya yi duhu. Na sake, haka. A karo na gaba ne yatsana ya faɗa kan wani maɓalli, sai na ga saurayin ya miƙa hannu ya kama na tsohon.

Ashe haka ake buga shi. Ka danne maɓallin, kada ka saki, ka bi tafiyarsa.

Tsohon yana jan ƙafar hagu. Ya tsaya gaisawa da tela. Ya tsaya a kan gada yana mayar da numfashi. Yatsana ya yi tsami har ya fara zogi, amma na kasa sakinsa.

A ƙofar asibiti, shi da kansa ya zame hannunsa.

Na danna. Na sake dannawa. Babu abin da ya faru.

Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka karɓe zobena.

Akwai wata ƙa'idar da ta girmi waccan: ba ka ba gem maki sai ka kai ƙarshensa. Washegari na shiga ofishin Edita, na ce a kira 'Yar Sauri.

"Ranka ya daɗe, ba na neman a ƙara maki ko ɗaya. Tambaye ta kawai me ke faruwa a ƙofar asibiti."

Ta gyara tsayuwa. "Ai... likita ne yake fitowa ya karɓe shi."

"Babu likita a gem ɗin nan," na ce.

Edita ya cire tabarau ya shafa fuska. Kafin a tashi aiki an sauke sharhin, an ba masu karatu haƙuri, an miƙa gem ɗin ga wani marubuci da bai san ni ba, bai san Maƙeri ba. Ban tambayi makin da zai bayar ba.

Sai dai sauke sharhi bai dawo mini da zobe ba.

Na naɗe na'urar gem ɗin a jaka na koma gidansu. Umma ce ta buɗe, fuska a ɗaure.

"Ba roƙo na zo yi ba, Umma. An karanta miki abin da wata ta ce. Ina so ki gani da idonki."

"Ni da girmana zan zauna wasan yara?"

"Ɗanki ne ya yi shi. Tsoron ya tayar miki da ciwo ya sa bai nuna miki ba."

Ta matsa na shiga. Na haɗa wayoyi da talabijin, na sa mata rimot a hannu, na ɗora yatsanta a kan maɓallin. Iyakar abin da na koya mata ke nan.

Babu wanda ya ce mata kada ta yi sauri. Ba ta yi ba.

Da tsohon ya ja ƙafar hagu sai na ji numfashinta ya sauya. Da ya tsaya wurin tela ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Haka yake," ta ce. "Sai ya gaisa da kowa. Ko ciwo bai hana shi ba."

Ban san lokacin da Maƙeri ya shigo ba, sai ganinsa na yi durƙushe a gefen kujerarta.

Suka haye gada. Ginin asibitin ya fara bayyana daga nesa. Umma ta tsayar da tafiyar, yatsanta na nan a danne.

"A can zai sake ni ko?"

Maƙeri ya gyaɗa kai.

"To ni ba zan ƙarasa ba. Na kai shi sau ɗaya, ya ishe ni." Ta dube ni. "Ke kin kai shi?"

"Na kai shi, Umma."

"Har ƙofa?"

"Har ƙofa."

Ta sa ɗaya hannun a aljihun rigarta, ta ciro zoben ta miƙa wa ɗanta.

"Mayar mata. Na yanke hukunci ban ji ƙarshen magana ba."

Ya kama hannuna. "Ki yafe mini, Alƙaliyata."

Na gyaɗa masa kai, ya zura mini zoben.

Umma ta miƙo mini rimot ɗin, amma ba ta ɗage yatsanta ba sai da ta ga nawa ya hau kan maɓallin.

"Ku raka shi ku biyu, 'yata," ta ce. "A hankali. Ba ya son a ja shi."