Liƙin Alhaji Hassoumi

Ranar Lahadi ce, bayan an ci abincin rana, Hassia ta durƙusa gaban mahaifinta a ɗan falonsu na hawa na bakwai a Sevran, kusa da Paris, ta gaya masa akwai wanda yake son ya turo magabatansa. Alhaji Hassoumi ya rage ƙarar talabijin. Shekara ashirin da takwas ke nan yana tuƙa manyan mutane a Paris, amma bai taɓa manta cewa shi jikan limaman Damagaram ne ba. Ya tambayi sunan yaron da garinsu da sana'arsa.

Ta ce sunansa Muntari, ɗan Maraɗi ne, a Lyon suka haɗu inda take aikin jinya. Da rana yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon.

"Da rana," in ji Alhaji. "To da yamma fa?"

"Yana waƙa, Baba. Begen Annabi yake yi."

Mahaifiyarta, Hajiya Balkisa, ta leƙo daga kicin ta ce ai ta san muryar, shi ne yaron nan mai bege da gita da take saurare in tana wanke-wanke. Alhaji ko kallonta bai yi ba. Ya ce a gidansu duk wanda ya ɗaga murya cikin taro aka miƙa masa kuɗi maroƙi ne, ko me ya rera.

"Maroƙi kyauta muke ba shi. Ba ma ba shi ɗiya."

Hassia ta koma Lyon idonta a kumbure, amma tana da hujja guda da ta riƙe. Uban Muntari direban babbar mota ne, kuma da kaset-kaset ɗinsa na kiɗan makiyayan Amurka, wanda ake kira kantiri, yaron ya tashi. Da ya zo Faransa, wata rana ya shiga wani zaure ya ga mawaƙan coci suna yabon Ubangiji, jama'a na ta share hawaye. Sai ya ce a ransa me zai hana a ɗora bege a kan wannan sanyin gitar. Shekara bakwai yana yi, bai taɓa ambaton sunan mai rai a waƙa ba. Ai maroƙi mutane yake wasawa, shi kuwa Manzo yake yabo.

Da watan Mauludi ya kama, ƴan ƙasarsu mazauna yankin Paris suka kama zaure a Clichy-sous-Bois, suka gayyaci Muntari. Kamalu, mai shirya masa wasanni, ya ba shi shawara. Ya ce babu dattijon da zai ji an jero kakanninsa cikin taro zuciyarsa ba ta yi laushi ba. Muntari ya yi ta jinkiri, daga baya ya kira Hassia ya tambaye ta. Ita da aka haifa a Faransa, sai ta ga abin kamar a ba mutum furanni ne. Da bakinta ta karanta masa sunayen, har tana gyara masa inda ya kuskure.

Bayan la'asar zauren ya cika. Muntari ya yi bege har mata suna goge ido da gefen mayafi. Can sai ya sauya kiɗa, ya kira Hassoumi na Malam Chaibou, jikan Liman Mika'il. Kowa ya juya. Hassia na murmushi, sai ta ji Hajiya ta damƙe mata hannu tana salati a hankali.

Wanda aka kira sunansa a waƙa ba ya zama. Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya taka har gaban dandamali. Ya zaro takardar yuro hamsin ya manna a goshin Muntari mai gumi, ya danna da babban yatsa.

"Ka yi aikinka, na sallame ka."

Lasifika ta ɗauki maganar. Gitar ta tsaya.

A cikin jirgin ƙasa na komawa Sevran Hajiya ta fahimtar da ita abin da ya faru. Mutumin da ka yi wa liƙi a gaban jama'a ba zai zauna tabarma ɗaya da kai a matsayin suruki ba. Hassia ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka har suka sauka.

Bidiyon ya zaga wayoyi. Masu kuɗi daga Paris har Brussels suka fara neman Muntari ya zo biki ya wasa su, Kamalu yana ta murna wai ƙofa ta buɗe. Muntari ya ƙi duka, shi da Kamalu suka rabu baram-baram. Ya sa gitar a akwatinta, ya ƙara awoyin aiki. Inès, abokiyar aikin Hassia, ta ce mata su je ofishin magajin gari kawai a ɗaura musu aure, tunda ita ba yarinya ba ce. Hassia ta ce auren da babanta ba zai sa wa albarka ba, ba ta san ina za ta ajiye shi ba. Muntari ma haka ya ce.

Shekara biyu suka yi a haka. Hayaƙin wurin aiki ya yi ta cin maƙogwaron Muntari, har likita ya gaya masa muryar da yake hawa sama da ita ba za ta dawo ba.

A shekara ta uku aka gano ciwon daji a jikin Hajiya. Hassia ta ɗauko ta zuwa ɗakinta a Lyon don ta yi jinyarta da kanta, Alhaji yana zuwa duk Asabar. Ciwo ya hana Hajiya sukuni, magani ba ya riƙe ta. Wata rana ta ce a kira mata yaron nan. Muntari ya zo, amma ya ƙi shiga, ya ce Alhaji bai ba shi izini ba. Ya zauna a kan matakala a bakin ƙofa, ba gita, ya yi bege da dusasshiyar muryarsa har barci ya ɗauke ta. Kullum in ya tashi aiki haka yake yi.

Wata Juma'a Alhaji ya iso ba zato. Ya tsaya a ƙasan matakala da jakarsa, ya saurara har aka kai ƙarshe. Muntari ya durƙusa ya gaishe shi, ya wuce.

Hassia na gyara wa Hajiya matashi ta ji ta ce, "Alhaji, wata huɗu ke nan yana zuwa. Ko ruwan gidan nan bai taɓa sha ba. Wane irin maroƙi ne wannan?"

Alhaji ya ajiye jakarsa, ya zauna gefenta. Kwana tara bayan nan Hajiya ta cika, Allah ya jiƙanta. Muntari na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Da aka yi sadakar arba'in, Alhaji ya ce wa Hassia ta raka shi Saint-Fons. Suka tarar da Muntari da kayan aiki a jikinsa. Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya tambaye shi ina takardar kuɗin nan da ya liƙa masa. Muntari ya buɗe akwatin gitar ya ɗauko ta, tana nan yadda ta faɗo daga goshinsa. Alhaji ya karɓa, ya ninke ya sa a aljihu.

"Na karɓi abina. Ban taɓa ba ka komai ba. Ka turo mutanenka, ɗana."

An ɗaura aure a masallaci, ba kiɗa ba taro. Muntari bai sake hawa dandamali ba, sai dai yana koya wa yaran unguwa bege ranar Asabar. Haƙurinsu ya kai su inda suke so, don ba su tsallake uba ba ko a lokacin da uban ne ba shi da gaskiya. Amma iyaye su ji tsoron Allah, su dubi halin yaro kafin su dubi sunan da aka laƙaba wa sana'arsa, kuma su duba da wuri. Ranar da aka kai Hassia ɗakinta, ba Hajiya ce ta riƙe mata hannu ba.