Mai Hure Wutar Tanderu

Tun la'asar nake fama da tanderun gas ɗin nan. Gobe bikin ƙanwata Klaudiya, ga kwaɓin kek yana jirana a roba. Tanderun yana cikin tsohuwar mota mai ɗaki da na saya, wadda ta daɗe a yashe bayan tashar Laranto a nan Jos. Na canja tukunyar gas, na soke hancin murhun da allura, na shafa kumfar omo a tiyo, babu inda yake yoyo. Amma da wuta ta kama sai ta mutu fuf.

Bayan magariba sai ga wani tsoho a bakin ƙofa, ba gaisuwa, ba rigar sanyi, a wannan sanyin na Jos.

"'Yata, ki bar shi haka," in ji shi.

"Baba, don Allah ka ƙyale ni! Kai za ka gasa mini kek ɗin? Kowa ya zo wucewa sai ya zama injiniya!"

Na durƙusa ina huci, na sake ƙyasta ashana, na leƙa ciki in ga ta inda iska ke shiga. Babu ko ƴar huda. Sai harshen wutar ya kwanto wajena, wani numfashi mai sanyi, mai warin tsohuwar taba, ya bugi fuskata.

Na waiga. Tsohon yana nan tsaye, bakinsa a rufe.

"Na ce ki bari." Muryarsa ce, daga cikin tanderun, daf da kunnena. "Kina ƙona mini ƙafa."