Hannun Da Aku Ta Ɓoye

A falon Yaya abin ya fara. Ta kishingiɗa kan doguwar kujera tana karkaɗa ƙafa, 'ya'yanta biyu sun jeru gaban talabijin da hannaye a baya kamar sojoji.

"Ku yi wa Antinku Turanci ta ji!"

Suka ɗaga hanci tare. "Guuud aftanuuun, Antiii! Hawa yuuu!"

Yaya ta lumshe ido don daɗi, sannan ta juyo kan 'yar ƙanwarta, wadda gida ke kira Aku saboda surutu da kwaikwayon muryar mutane. "Ke fa, me aka koya muku a wannan makarantar taku?"

Aku na tsugune gaban gilashin kifin ado. "Anti, me ya sa kifinki ba ya rufe ido?"

Falon ya ɗauki dariya. "Kin ji ko?" in ji Yaya. "Nawa suna ɗaukar fosishan a aji, taki tana gadin idon kifi! Wallahi ƙanwata, son miji ya rufe miki ido. Kafinta ne zai tsara miki tarbiyya?"

Maman Aku ta yi murmushin yaƙe, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Tun Aku na ciki ita da mijinta suka yi shawara: makarantar kusa da gida da safe, ba lesin, ba duka, da yamma yarinya ta zauna a shagon babanta ta yi wasa da tambayoyinta. Ita ce ma ta fara kawo maganar, don ba ta manta bulalar da ta sha tana ƙarama ba. To amma dariyar dangi zafi gare ta.

"Ki kawo ta wajen tican yarana," Yaya ta rage murya. "Ba sai ya sani ba. In ya ga ta fara zuba Turanci, shi zai gode miki."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar sai Maman Aku ta ja hannun yarinya, tana koya mata a hanya: "In Abba ya tambaya, ki ce wasa kika je gidan Anti. Maimaita in ji."

Aku ta maimaita, har da yadda uwar ke karya wuya.

Kafinta bai kawo komai a ransa ba. "Ta je mana, ai 'yan uwanta ne," ya ce, ko da yake ɗan bencin da ya ƙera mata a shago ya zauna ba kowa. Wannan yardar tasa ita ta fi cin Maman Aku. In ya yaba girkinta sai ta kau da kai. In ya ce, "Ni kam na dace da mata," sai ta tsiri neman murfin tukunya. Ga Aku ta yi sanyi, surutun ya ragu, in aka yi mata magana sai ta fara kallon fuskar uwarta kafin ta amsa.

Wata yamma Kafinta ya shigo da garin katako a gashinsa, ya miƙa hannu kamar kullum. "'Yar Abba, kawo mu tafa!"

Aku ta miƙa hagu, ta ɓoye dama a bayanta.

"A'a, yau kuma da hagu? Mu ga ɗayan."

Tafin ya kumbura, ga sawun rula ja ɗoɗar. Maman Aku na bakin kicin tana kallo. Ita ma ba ta gani ba, yarinyar ta ɓoye mata.

"Me ya same ki?"

Aku ta karya wuya, ta yi ɗan murmushi, ta ce cikin muryar uwarta sak, "Ba komai fa, Abban Aku, wasa muka je gidan Yaya."

Ba "Anti" ta ce ba, "Yaya" ta ce, yadda uwarta ke faɗa. Maman Aku ta ji muryarta tana fitowa daga bakin 'yarta da ƙarya a ciki. Ta durƙushe nan ƙasa.

"Ni ce! Wallahi ni ce, Abban Aku! Lesin nake kai ta, ni na koya mata ta ɓoye maka!"

Kafinta ya ɗebo ruwan sanyi a kwano, ya zaunar da yarinyar a cinyarsa, ya tsoma hannun. Da ya yi ihu da ya fi wa Maman Aku sauƙi.

"Me kika yi tican ya doke ki?" ya tambayi Aku a hankali.

"Tambaya na yi. Ya ce, 'Shatap! Ni kika raina?'" Ta ɓata fuska irin ta tican, sai kuma ta fashe da kuka. "Abba, kar ka yi wa Mama faɗa. Ta ce in na iya Turanci Anti za ta daina yi mana dariya."

Nan kukan uwar ya ƙaru. "Ka hukunta ni yadda ka ga dama. Na ci amanarka."

"Tashi," ya ce. "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Da kin ce min kina tsoron ta zauna a baya, da mun zauna mun duba. Wataƙila ma kina da gaskiya, karatunta na son ƙari. Amma yanzu yaya zan yi in na tambayi 'yata abu, in tsaya ina tunanin ko gaskiya ta faɗa?"

Ya ɗauki kwanaki yana amsa gaisuwarta a taƙaice. Ta haƙura, ba ta kai ƙara gida ba, ba ta ɗora wa Yaya laifi ba. Da kanta ta je ta cire yarinyar daga lesin. Yaya ta tafa hannu: "Za ki yi da-na-sani!"

"Na riga na yi, Yaya."

Wata safiya ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ɗauko mayafinki. Akwai wata malama da aka ce ba ta duka, mu je mu gan ta tare. In ba ta yi miki ba, ba ta yi min ba."

Ta ɗago da hawaye, ya share mata da babban yatsansa. Suka fita, Aku a tsakiya.

'Yan uwa mata, kowane gida da irin tarbiyyarsa, kuma dariyar dangi ba ta kashe kowa. In shakka ta kama ki kan karatun 'ya'yanki, mijinki za ki fara faɗa wa. Yaro yana iya rama darasin da ya wuce shi, amma ƙaryar da ya koya a bakin uwarsa tana daɗewa ba ta fita ba.